Barewa a Ƙofar Gida: Nasarar da ta Zame wa Amurkawa Alaƙaƙai

Duk Bahaushen da ya ji an ambaci barewa, daji ne ke fara faɗo masa a rai, da mafarauci, da gudun nan nata da ya shiga karin magana. Da wuya ya yarda cewa akwai ƙasar da magidanci zai buɗe ƙofarsa da safe ya tarar da bareyi biyar a farfajiyar gidansa, su ɗago kai su dube shi, su ci gaba da cinye furannin uwargida. Amma haka rayuwa take a unguwannin wajen gari na gabashin Amurka, tun daga jihar Konetikat har Bajiniya.

Barewar tasu ba irin ta Sahel ba ce. Ta fi tamu jiki, ƙarƙashin wutsiyarta fari ne fat, kuma namijin ne ke da ƙaho, mai rassa kamar bishiya, wanda yake zubarwa ya tsirar da sabo kowace shekara. A wajajen shekarar 1900 saura ƙiris ta ƙare, domin masu farautar nama da fata sun rage ta zuwa abin da bai wuce rabin miliyan ba a duk faɗin ƙasar. Sai hukuma ta tashi tsaye. Dokar Lacey ta 1900 ta haramta safarar naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba daga jiha zuwa jiha, sannan dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ware harajin bindigogi da harsasai domin farfaɗo da namun daji. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu har ta zarce: yau ana ƙiyasta yawansu da kusan miliyan 30.

Ba doka kaɗai ta jawo haka ba. Tun da daɗewa aka kawar da kyarkeci da damisar dutse daga gabashin ƙasar, su ne kuwa masu rage mata yawa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma, mutane suka yi ta ƙaura daga tsakiyar birane suna gina gidaje a gefen daji, kowane gida da ciyawarsa da lambunsa. Barewa dama dabbar bakin daji ce, ba ta ƙuryarsa ba. Sai ga shi an shimfiɗa mata abincin da ake yi wa taki da ban ruwa, a wurin da doka ta hana harba bindiga. Macen da ta ƙoshi kuwa tagwaye take haihuwa kusan kowace shekara. Ke nan ba ita ta yi kutse ba, gayyatar ta aka yi.

Asarar lambu ita ce mafi sauƙi. Masu hali sukan kewaye gida da shinge mai tsayin ƙafa 8, domin abin da bai kai haka ba tsallakewa take yi. Wasu su rataya sabulu a reshe, wasu su fesa ruwan ruɓaɓɓen ƙwai, masu sayar da dashe kuma su ba ka jerin shuke-shuken da wai ba ta ci, ko da yake barewar da yunwar hunturu ta kama ba ta karanta jerin ba. Babbar asarar tana kan titi, inda motoci ke karo da bareyi fiye da sau miliyan ɗaya a shekara, mutane kimanin 200 su rasa rayukansu, musamman a watan Nuwamba lokacin barbara.

Sai kuma cuta. A 1975 aka lura da yara masu kumburin gaɓoɓi a garin Lyme na Konetikat, kuma a farkon shekarun 1980 masani Willy Burgdorfer ya gano ƙwayar cutar da wata ƙaramar kaska ke yaɗawa. A nan ya kamata a yi wa barewa adalci: ba daga jininta kaskar ke ɗaukar cutar ba, galibi daga ɓeraye ne. Sai dai a jikin barewa manyan kaska ke shan jini su yi barbara, ita ce kuma ke kai su har ciyawar da yara ke wasa. A tsibirin Monhegan na jihar Maine, da aka kawar da bareyi baki ɗaya tsakanin 1996 da 1999, kaskar ta ragu ƙwarai.

To, mai karatu zai ce ai maganin a bayyane yake, a rage su. Nan fa ake yin ta. A layi ɗaya za ka sami mai zuba musu masara da yamma, da maƙwabcinsa wanda ɗansa ke jinya. Ga kuma al'ummar da ta tashi da kallon Bambi, fim ɗin Disney na 1942, wanda a cikinsa mafarauci ne mugu. Da mahukuntan Princeton a jihar Niyu Jasi suka ɗauko ƙwararrun maharba a farkon shekarun 2000, rikici ya kai har kotu, aka watsa wa motar magajiyar garin kayan cikin barewa, jami'in kula da dabbobi kuma ya koma sanya rigar sulke. Birnin Niyu Yok ya gudu daga irin wannan rigima: a 2016 ya fara kama mazan bareyin tsibirin Staten ana yi musu tiyatar hana haihuwa ana sakin su. An kashe miliyoyin daloli, adadin ya ragu, amma a hankali, domin barewar da aka yi wa tiyata ba ta daina ci ko tsallaka titi ba.

A nawa ganin, wannan tausayi ne mai tsada wanda bai kai zuci ba. Garin da ya ƙi a harbi barewa bai hana ta mutuwa ba, ya dai miƙa aikin ne ga direbobi, ta mutu da karyayyen ƙashi a gefen hanya, naman ya ruɓe. Ba a kuma cika tuna sauran halittu ba: inda bareyi suka yi yawa sukan cinye 'yan tsiron itatuwa, daji ya kasa sabunta kansa, tsuntsayen da ke sheƙa kusa da ƙasa su rasa mafaka. Su ba su da fim.

Jihar Bajiniya ta fi burge ni, inda tun 1991 akwai shirin da mafarauta ke ba da naman barewa a gyara shi a raba wa mabuƙata. A Princeton ma gidajen ciyar da marasa galihu ake kai wa naman. Sai dai aikin ba na shekara ɗaya ba ne, domin da zarar an sassauta, tagwayen watan Mayu sukan cike gurbin da aka rage.