Motocin da Suka Gama Aikin Soja Suka Kama Dako

Wanda ya taso daga Yamai ya nufi Filinge, tafiyar kilomita kusan 180, zai bi ta Baleyara, ya ratsa Bonkuku, hedkwatar Imanan, kwarin Dallol Boso yana rakiyarsa. A nan ruwa ba ya nisa da doron ƙasa, shi ya sa da sanyi ya shigo garake suke yin kore shar, kuma dankalin turawan Bonkuku ya yi suna har kasuwannin Yamai. Sai dai babbar hanyar zare ɗaya ce tak. Da an sauka daga kanta, dama ko hagu, sai rairayi mai cin taya, da kwazazzabai da damina take sake wa fasali kowace shekara. Buhun da ke bakin garka ko a rumbun wani ƙauyen yankin bai zama kuɗi ba sai ya isa kasuwa, kuma abin da ke kai shi bai wuce amalanke ba, ko tsohuwar babbar mota wadda sau da yawa ta girmi direbanta.

Yawancin mutane ba sa tambayar asalin irin waɗannan motoci. Amma cikin tsofaffin da ke dakon itace da hatsi da dabbobi a Nijar, akwai waɗanda bariki ne mafarinsu, akwai kuma waɗanda aka zana su da bukatar soja a zuci.

Berliet ita ce ta fi kusa da tarihin ƙasar. A watan Nuwamba na 1959 motoci tara na wannan kamfanin Faransa, masu ƙafa shida kowace tana ja, suka taso daga Aljeriya, suka bi ta Janet, suka keta hamadar Tenere har Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, sannan suka dawo Aljeriya a farkon 1960. Sun kakkafa alamun ƙarfe a hanya, waɗanda matafiya suka daɗe suna bi. Bayan wannan gwaji rundunar Faransa ta sayi dubbai na samfurin da ake kira GBC 8 KT. Injinta ba ya zaɓen abinci: gazuwal, fetur, kananzir, duk wanda aka samu zai ƙona. Sunan Berliet ya daina fitowa a goshin sababbin motocin Faransa tun wajen 1980, bayan Renault ta haɗiye kamfanin. Duk da haka, a ƙarshen shekarun 1990 rundunar ba ta zubar da nata ba. Ta mayar da dubbansu masana'anta, aka bar ƙashin bayan, aka ɗora sabon inji da sabon kai, suka koma aiki da sunan GBC 180. Abin da makaniken Filinge yake yi a gindin bishiya ke nan, bambancin kawai kayan aiki.

Sai Mercedes mai gajeren hanci, wadda aka fara ƙerawa a 1959 aka ci gaba har tsakiyar shekarun 1990, wadda a Najeriya aka fi sani da 911. Ita ba 'yar soja ba ce tun haihuwa, amma masu jan ƙafa huɗu daga cikinta sun yi wa rundunoni da 'yan kwana-kwana da masu tsaron iyaka aiki. Da yaƙin cacar baka ya ƙare a wajen 1990, ƙasashen Turai suka rage sojojinsu, gwanjon irin waɗannan motoci ya buɗe, wasu suka sauka a tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Lome, suka hauro arewa.

Wannan sana'a ta mayar da motar yaƙi ta dako ta bunƙasa ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Amurka ta ƙera ƙananan motocin Jeep kusan 640,000, da manyan GMC sama da 560,000. Da aka ajiye bindiga a 1945, kwaso su zuwa gida ya fi sayar da su tsada. A Filifin mutane suka ƙara wa Jeep tsawo, suka yi mata rufi da ado, ta zama motar haya da har yau ake kira jifni. A tsaunukan Kolombiya manoman kofi suna loda wa Willys buhuna da ayaba da mutane, har bikin shekara-shekara suke shirya mata. A Bama kuwa, ƙasar da sojojin Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82 suka yi yaƙi, manyan Chevrolet ƙirar Kanada da aka bari sun zama bas-bas, sun yi shekaru fiye da hamsin suna jigilar mutanen Yangon. Da yawa daga cikin sojojin da suka dawo Kano da Zariya daga Bama, tuƙin da suka koya a soja ne ya zama abincinsu.

Har motocin da ake alfahari da su a daji yau jikokin waccan Jeep ne. Land Rover ta farko da aka gwada a Ingila a 1947, a kan ƙashin Jeep aka gina ta. Toyota ta fito da tata a 1951, aka raɗa mata suna Land Cruiser a 1954.

Dalilin daɗewar tsofaffin nan a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashinsu. An yi su ne don wurin da babu hanya. Cikinsu yana nesa da ƙasa, don haka ba sa zama a kan tudun rairayi. Suna da ƙaramin giya na musamman mai raba ƙarfin inji ga ƙafafun gaba da na baya, motar ta riƙa rarrafe amma ba ta tsayawa. Idan rairayi ya yi laushi, karen mota ya sauko ya rage iskar tayoyi, tayar ta baje kamar tafin raƙumi, ta daina nutsewa. Famfon mai na ƙarfe ne, babu kwamfuta a ciki, kunne da hannu sun isa su gano ciwonsa. An kuma tsara su yadda ƙaramin soja mai sifana zai iya kwancewa ya mayar, kuma da yawa sun yi shekaru a ajiye a bariki, ana canza musu mai ba tare da sun yi wata tafiya ba. Sauran aikin na makanikai ne da masu walda, waɗanda ke ciro akwatin giya daga gawar wata motar su dasa wa mai rai. Waɗannan mutane ba a ba su girman da ya kamace su.

Amma tsufa yana da farashinsa, kuma talaka ne ke biya. Motocin suna shan mai, suna zubar da baƙin hayaƙi, birkinsu na zamanin da ne, ga lodin da ya ninka abin da aka ƙera su dominsa, ga mata da yara a zaune a ƙolin buhuna saboda babu wata motar da za ta zo. A 2020 ƙungiyar ECOWAS ta amince da ƙa'idar hana shigo da manyan motocin da suka haura shekara goma. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, kuma ko da tana ciki, ƙa'idar ba ta gaya wa manomin Imanan da me zai maye gurbin tsohuwar ba. Sabuwar mota mai ƙasa-ƙasan ciki ba za ta kai rabin hanyar ƙauyensa ba.

Halin da ake ciki ya ƙara wa tsofaffin nauyi. Tun Janairun 2020 an sha hana zirga-zirgar babura a sassan jihar Tilaberi, inda Filinge take, saboda matsalar tsaro, alhali babur ne ke kai mara lafiya asibiti da ƙaramin kaya kasuwa. Iyakar Benin kuma an rufe ta a 2023, kayan gyaran da ke biyowa ta Kwatano sai sun zagaya ta Lome da Burkina Faso, ko su shigo ta Najeriya. Saboda haka idan sifirin ɗin mota ya karye a hanyar Bonkuku, maƙeri ake nema, ya hura wuta ya daidaita wani ƙarfen, domin dankali ba ya jiran kayan gyara su iso daga teku.