Tab, laftof ko waya: wanne ya dace da mai aiki a Sharaɗa, Challawa da Bompai?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar wani kamfani a Sharaɗa da hantsi, lokacin da manyan motoci suke jere suna jiran lodi, ya ga mai kula da sito. Yana tsaye, biro maƙale a kunne, ƙaton littafi a kan hannun hagu, leburori suna wucewa da katan-katan yana ƙirgawa yana rubutawa. Da yamma littafin zai tafi ofishin akanta, wani ya zauna ya kwafe shi a kwamfuta. A tsakanin littafin nan da kwamfutar lissafi yake ɓacewa. Bakwai ta koma ɗaya, buhu ashirin su yi ɓatan dabo, ƙarshen wata a zauna ana kallon-kallo. Mutumin nan mai littafi nake tunawa duk sa'ad da aka tambaye ni ko kwamfutar hannu, wadda 'yan kasuwar waya suke kira tab, ta ci kuɗinta.

A wurinsa ta ci. A wurin yawancin waɗanda suke shiga ƙofar nan tare da shi da safe kuwa, asarar kuɗi ce.

Ranar da Steve Jobs ya fito da iPad a watan Janairun 2010, shi da kansa ya yarda cewa na'urar da za ta zauna tsakanin waya da laftof dole ta fi su duka biyun a wasu ayyuka, in ba haka ba babu dalilin ƙera ta. A lokacin gilashin iPhone inci uku da rabi ne, karanta takarda a kansa sai an ƙanƙance ido. Yau Tecno ko Infinix ko Itel da ke aljihun direban da ke jiran lodi ta haura inci shida da rabi. Waya ta girma ta cinye rabin gonar tab, shi ya sa cinikin tab a duniya ya kai ƙololuwa wajen 2014 ya fara sauka, bai sake ɗagawa sosai ba sai a 2020 da korona ta kulle yara a gida.

Saboda haka wanda kuɗinsa na abu ɗaya ne, babu wata doguwar shawara: waya. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya koya wa kowa a Kano cewa waya ita ce banki, daga mai shayin bakin kamfani har dilan da ke ɗaukar kaya zuwa kasuwar Singa. OPay, Moniepoint, manhajar banki, lambar sirrin da ake turowa ta layi, hoton rasit da ake aikawa ta WhatsApp, duk a aljihu suke. Tab da yawa ma ba su da wurin sa layi, sai an jona su da intanet ɗin wata na'ura, kuma ba kowane mai sayarwa ne zai gaya maka ba sai ka tambaya. Ma'aikacin da albashinsa yake kusa da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000 da aka tsayar a 2024, in ya tara wani abu, gara ya ƙara a kan waya mai ƙarfin batir da wadataccen wurin ajiya da ya raba kuɗin gida biyu ya tashi da waya maras kyau da tab maras kyau.

Mutanen ofis kuma wani kuskuren suke yi. Mutum ya ga tab siririya, ba nauyi, ya ce ai wannan ta isa ta maye laftof. Sai ya kai ta gida ya gane aikin kamfani ba kallo ba ne, rubutu ne. Excel ɗin da ke kan tab yana buɗe jadawali, amma ƙananan umarnin da akantoci suke ɗorawa a ciki don lissafi ya yi kansa ba sa tashi a can. Manhajojin lissafi irin su Tally da Sage, nau'in da ake girkawa a ofis, na Windows ne. Yaron da yake zana tambarin da za a buga a jikin leda ko buhu da CorelDRAW, ko injiniyan da zai jona kwamfuta da ƙwaƙwalwar injin Siemens ya duba dalilin tsayawarsa, babu abin da tab za ta tsinana musu. In an ce a saya mata madannai da alƙalami da murfi, kuɗin ya kamo na laftof ta hannu mai kyau, kuma har yanzu ba ta zama laftof ba. Jemage ke nan, ba ta cikin tsuntsaye ba ta cikin dabbobi.

Sai dai mai sayen laftof ta hannu ya lura da abu ɗaya. Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, kuma Windows 11 a ƙa'ida ba ya hawa kan injin Intel da bai kai zubi na takwas ba. Tsofaffin HP da Dell masu arha da yawa suna ƙasa da haka. Za su yi aiki, amma kwamfutar da ke riƙe da asusun kamfani ba ta kamata ta zauna babu mai toshe mata ƙofofin ɓarayi ba.

To ina tab ta fi su? A wurin wanda yake aiki a tsaye. Laftof tana son tebur da kujera da hannu biyu. Waya kuma ta yi ƙanƙanta ga jadawalin kaya mai layi ɗari biyu, kana latsa wannan yatsa yana taɓa wancan. Mai sito, da safabaizan da ke zagaya injuna yana rubuta abin da kowane ya fitar, da mai duba ingancin fata a majemun Challawa wanda zai ɗauki hoton aibi ya rubuta lambar dila a take, da wakilin kamfani da ke shiga Kantin Kwari ko Sabon Gari yana nuna wa 'yan kasuwa samfur, waɗannan duk hannu ɗaya suke riƙo da shi, ɗaya suna aiki. Abin da suka shigar a bakin mota, shi akanta zai gani a ofis, ba a kwafa ba balle a yi kuskuren kwafa. Ko hukumar zaɓe da ta tashi tantance masu jefa ƙuri'a a tsaye cikin rana, na'urar BVAS da ta raba a zaɓen 2023 dangin tab ce.

Zaɓen nan kuma ya nuna ɗaya fuskar. Na'urar ta tantance mutane, amma ɗora sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a shafin hukumar ya yi ta jinkiri, aka yi ta cece-kuce. Na'ura ba ta fi tsarin da ke bayanta ba. Mai kamfanin da zai saya wa mai sito tab, ya fara tambayar kansa: a wace manhaja zai rubuta, ina bayanin zai tafi, in intanet ya ɗauke a cikin sito mai rufin kwano aikin zai ci gaba ko zai tsaya? In babu amsa, cikin wata guda littafin zai dawo, tab ɗin ta koma ta kallon ƙwallon Turai da dare.

Ga kuma maganar wuta, wadda ba a raba ta da zancen masana'antun Kano. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 kan kowane ma'auni kafin a ɗan rage, masu masana'antu suka yi ta kokawa da kamfanin wuta na KEDCO. Babban kamfani yana da janareta, cajin kwamfuta ba ya cikin damuwarsa. Amma ƙaramin mai sana'a a gefen Sharaɗa, da ma'aikacin da zai koma gida Panshekara ko Dakata ya tarar da duhu, su sun san bambanci. Cajar laftof takan ja wat 45 zuwa 65, ta tab kuwa 10 zuwa 20 ta ishe ta, ƙaramin faifan sola ko fawabank ɗin waya zai ɗauke ta. Laftof ta hannu da batirinta ya tsufa da wuya ta yi awa uku, tab mai lafiya takan kai yamma. Kuma tab ba ta da fanka. Laftof tana shaƙar iska don ta huce, iskar Bompai a lokacin hunturu kuwa ƙura ce, ta wurin niƙa da saƙa ga gari ga burbushin auduga. Abin da tab take tsoro shi ne faɗuwa a kan siminti da zafin bazara. Wanda ya bar ta a gaban mota a rufe cikin Afrilu, kada ya yi mamaki in batirin ya kumbura ya ɗaga gilashin. Akwai waɗanda aka ƙera don wahala, kamar jerin Galaxy Tab Active na Samsung masu jure ruwa da ƙura, sai dai kuɗinsu ba na wasa ba ne. Ga yawancinmu, riga mai kauri ta roba ita ce magani.

Iyaye ma suna cikin masu tambaya. Ban ga laifin tab ga yaro ba, ga ta kamar allo, shafin Alƙur'ani ko littafin makaranta yana fita a kanta sarai. Amma tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, da madannai da linzami. Yaron da ya saba da shafa gilashi kawai, ranar jarrabawa hannunsa baƙo ne. In a gida akwai mai shirin shiga jami'a, tsohuwar laftof ta fi masa amfani.

Wanda ya duba aikinsa ya ga lallai tab yake buƙata, ya fara da layin masu gyara kafin layin masu sayarwa, a Farm Centre ko titin Beirut. Ya tambaye su wace iri ce in gilashinta ya fashe za a samu a ranar, wace ce sai an aika Ikeja ko Chana a jira makonni. Amsarsu za ta rage masa jerin zaɓi zuwa uku ko huɗu. Ya guji marasa suna da ake rubuta wa manyan lambobi a kwali, don sau da yawa abin da ke ciki bai kai rabin abin da aka rubuta ba. In iPad ce ta hannu, kada ya miƙa kuɗi sai an goge ta a gabansa, ta tashi ba ta nemi asusun iCloud na tsohon mai ita ba, sannan ya sa nasa layin ko ya jona ta da wayarsa, ya buɗe ainihin jadawalin da zai riƙa aiki da shi a sito, ya gwada cika layi goma yana tsaye.