Ba Kowane Haɗaɗɗen Hoto Ne Ƙarya Ba

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a majalisun Bangi, daga bakin sakatariyar ƙaramar hukumar Mariga har rumfunan masu cajin waya. Da zarar an ce hoto "haɗi ne", shi ke nan an yanke masa hukunci, ƙarya ne. Wanda kuwa ba a taɓa ba, shi ne shaida. Dattawan da ke faɗin haka suna da hujjarsu. Duk kakar zaɓe sai an liƙa fastar mai neman kansila yana musabaha da wani babba na Abuja wanda ko ƙofar gidansa bai sani ba, ko a ninka mutanen taro har ka ga mai jar hula ɗaya a wuri uku. Wannan yaudara ce, ba ni da ja. Amma Allah ya ƙara wa iyayenmu girma, a ganina an ɗaure wanda bai ci ba, ɓarawon kuma yana yawo.

Mu leƙa shagon mai hoto. Tun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Mariga, gidaje da yawa sun watse: wani na Kontagora, wani na Minna, wani ya gangara Legas neman abinci. Sai ka ga uwa ta zo da hoton fasfo na maigidanta marigayi, wanda aka ɗauka lokacin da zai tafi Hajji, duk ya koɗe. Babban ɗanta ya turo nasa ta WhatsApp, 'yar da aka aurar Rijau ita ma ta turo. Yaron da ke kan kwamfuta ya yanko kowa ya jera, marigayin yana can sama a kusurwa. In ka ƙura ido za ka ga hasken da ke fuskar wannan daga dama ya zo, na wancan daga hagu, kuma an ɗan ci gefen hular tsohon. Wa aka yaudara a nan? Babu wanda zai shiga ɗakin nan ya zaci mamaci ya dawo an ɗauke shi hoto. Abin da matar take faɗa da wannan hoto shi ne, waɗannan su ne nawa. Kuma gaskiya ta faɗa.

Haka kalandar biki, da ango da amarya kowa cikin da'irarsa. Haka kalandar shehunai da ke rataye a shaguna, inda za ka ga Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815, tare da Shehu Ibrahim Inyass da ya rasu a 1975. Na farkon ma zane ne, don sai a 1839 aka bayyana wa duniya sana'ar ɗaukar hoto a Faransa. Mai rataye ta ba ya cewa sun zauna a tabarma ɗaya.

Wasu na ɗora laifin a kan yaran zamani da Photoshop. Manhajar ta fito ne a 1990, alhali tun a 1857 wani mai hoto a Ingila, Oscar Rejlander, ya haɗa hotuna fiye da 30 suka zama guda, har Sarauniya Victoria ta saya. A lokacin ko Umaru Nagwamatse bai kafa garin Kontagora ba, sai a 1864. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, wayar da ke aljihun mai sukar ma haɗi take yi. Yawancin wayoyin yanzu, in ka latsa sau ɗaya da magariba, hotuna da dama suke ɗauka a jere, wani da haske wani da duhu, su narkar da su wuri guda don fuska ta fito kuma sama ba ta ƙone ba. In duk haɗi ƙarya ne, to ba sauran hoton gaskiya a wayoyinmu.

Ina iyakar take? Tana wurin da'awa. A 2003 jaridar Los Angeles Times ta kori mai ɗaukar mata hoto, Brian Walski, saboda ya haɗa hotuna biyu na wani sojan Birtaniya da fararen hula a kusa da Basra ta Iraƙi. Duka biyun shi ya ɗauka, tsakaninsu ɗan lokaci kaɗan. Laifinsa shi ne ya miƙa su a matsayin abu ɗaya da ya faru a gaban idonsa. Korar ta yi daidai. Shi da mai fastar kansila jirgi ɗaya ya kwaso su, ita kuwa matar nan da ta haɗa hoton iyalinta ba ta cikinsu.

Rabin maganar na biyu, wato hoton da ba a taɓa ba shi ne shaida, ya fi tayar mini da hankali, domin shi ne yake jawo asarar rai. A watan Yuni na 2018, lokacin rikicin Gashish a jihar Filato, an yaɗa munanan hotuna a Facebook ana cewa ga abin da aka yi wa mutane. Binciken da BBC ta fitar daga baya ya nuna cewa hoton jaririn da ya harzuƙa jama'a ya yi watanni yana yawo kafin rikicin, wani bidiyo kuma da aka yaɗa tare da hotunan, a Kongo-Brazzaville aka ɗauke shi tun 2012. Ƙaryar tana cikin rubutun da aka sa a ƙasansu. An tare matafiya a hanya an kashe, kuma jami'an tsaro sun ce waɗannan hotuna sun rura wutar.

Mu da muke yankin da kullum ake turo hoton gawa a ce "yanzu-yanzu a hanyar Bangi", wannan ya shafe mu kai tsaye. Duba gefen hula ko inuwa ba zai kama irin wannan ba, tunda ba a haɗa komai ba. Sai dai ka tambayi wanda ya turo maka wa ya ɗauka, yaushe, a wane ƙauye. In akwai sabis, ka sa hoton a Google Lens ka ga ko ya taɓa fitowa a wata ƙasa. In kuwa da ɗan'uwa a garin da aka ambata, ka buga masa waya kafin ka tura wa kowa.