Kurmi da Ɗorawar Gona: Nazari a kan Itatuwan Ƙasar Rano da Kibiya

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a nuna cewa itatuwan da manoman ƙasar Rano da Kibiya suke bari a tsaye cikin gonakinsu, da ragowar dajin da ke kudu da su, rayuwarsu a sarƙe take, kuma harshen Hausa yana riƙe da shaida a kan haka wadda masu binciken asalin halittu za su iya amfana da ita.

Za mu fara da kalmomin. Bahaushe bai haɗa daji da kurmi a ma'ana ɗaya ba. Daji shi ne inda itatuwa suke a warwatse, ciyawa na tsakaninsu, wuta kuma na bi ta cikinsa da rani. Kurmi kuwa shi ne inda itatuwa suka haɗe kai suka rufe sama, galibi a bakin rafi ko ƙorama, ƙasa na da laima, wuta ba ta samun abin ci. Kasuwar Kurmi ta birnin Kano, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), tana gefen Jakara, kuma Tarihin Kano ya ambaci wurin da sunan Kurmin Baƙin Ruwa. Yau babu kurmi a nan, sai sunan. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa sunan wuri yakan daɗe bayan itatuwan sun ƙare.

An daɗe ana zaton cewa dajin ƙasar Hausa duk kurmi ne a da, noma da kiwo da wuta suka sirance shi. Binciken da Ulrich Salzmann ya buga a shekarar 2000 ya raunana wannan zato. Ya nazarci ƙurar furannin da ta kwanta cikin lakar Tafkin Tila, kusa da Biu, inda ya ga cewa ko a zamanin da ruwan sama ya fi na yanzu yawa nesa ba kusa ba, shekaru dubbai da suka wuce, ƙasar buɗaɗɗen daji ce, sai dai itatuwan kudu sun hauro arewa fiye da yadda suke yau. Idan haka ne, daji ba kurmin da ya lalace ba ne, abu ne mai asalin kansa. Kurmi kuma mafaka ce ta itatuwa masu son laima a tsakiyar ƙasar da ba tasu ba. Watau dai bambancin da harshe ya yi tun tuni, bincike ya zo ya same shi a wurin.

Mafi girman ragowar wannan daji a Jihar Kano shi ne Falgore, wanda ya ratsa ƙasashen Doguwa da Tudun Wada da Sumaila. Turawan mulki suka keɓe shi a shekarun 1940 da sunan gandun dajin Kogin Kano, aka mai da shi gandun namun daji a shekarun 1960. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 920. Ta cikinsa Kogin Kano yake bi kafin ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974. Itacen da ya fi yawa a tudunsa shi ne doka, kuma abin sha'awa ne cewa masana tsirrai da suka tashi raɗa masa suna sai suka ari na Hausa, suka kira shi Isoberlinia doka. Likitan nan J. M. Dalziel, wanda ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, daga bakin manoma da mafarauta da masu magani ya tattara abin da ya rubuta, ko da yake littafin bai kawo sunayensu ba.

To, mene ne haɗin wannan daji da gonar mutumin Unguwar Gai? Ɗorawa ce za ta ba mu amsa. Duk wanda ya bi ƙasar Kibiya da rani zai ga ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka tsaye jefi-jefi cikin gonaki. Ba dasa yawancinsu aka yi ba. An same su ne lokacin sharar daji aka bar su saboda amfaninsu. Yawan kalmomin da ke jikin ɗorawa ya nuna matsayinta: furenta mai lilo shi ne tutu, ƙananan 'ya'yanta sabada, ɗanyu garda, ƙwayar kalwa ce wadda ake daddawa da ita, daga ɓawon kuma ake samun makuba ta daɓe da yaɓen katanga. Ba kowane itace ne harshe yake bi daki-daki haka ba.

Amma fa tutu da dare yake buɗewa, kuma jemage ne babban mai ɗaukar ƙurar furen daga wannan ɗorawa zuwa waccan. Baker da Harris suka fara bayyana haka a rubuce a 1957, bayan nazarin da suka yi a Gana. Siffar furen kanta, yadda yake reto a ƙarshen dogon sili nesa da ganye, da ruwan zaƙin da yake tarawa da dare, alama ce ta doguwar cuɗanya tsakanin itacen da jemage tun kafin ɗan Adam ya san noma. Shi kuwa jemage yana bukatar manyan itatuwa masu duhuwa da zai kwana, da 'ya'yan itace kamar ɓaure da kanya da zai ci a watannin da ɗorawa ba ta fure. Waɗannan a kurmi da bakin rafi suka fi yawa. Saboda haka wanda ya sare kurmi domin gawayi ya taɓa kalwar da matan ƙauye za su dafa, ko da gatarinsa bai kusanci ɗorawa ba.

Binciken ƙwayoyin gado ya ƙara faɗaɗa wannan fage. A 2007 Christopher Dick da abokan aikinsa suka nuna cewa rimi, wanda muke gani kamar ɗan gida har garuruwa irin su Rimin Gado suka ci sunansa, asalinsa daga nahiyar Amurka yake, ya ƙetaro tekun Atlantika da kansa. A 2024 kuma wani bincike ya danganta asalin dangin kuka da tsibirin Madagaska, inda iri shida daga cikin takwas suke. A ganina abin da ya fi muhimmanci gare mu a nan shi ne abin da irin wannan bincike yake koyarwa a kan yawan iri: itatuwan da suka ragu ƙalilan, suka yi nisa da juna, dangantakarsu takan matse, zuriyarsu ta yi rauni a gaban fari da cuta.

Ga kuma matsalar da ido yake iya gani. Ɗorawar gona yawanci tsofaffi ne. Garma tana tumɓuke tsiron da fartanya takan kewaye, awaki suna cinye wanda ya tsira, ana kuma kwashe kalwa tun ba ta faɗo ƙasa ba. Madobiya, wadda aka yi ta sarewa ana fitarwa zuwa Sin, sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar ƙasashen duniya ta ƙayyade cinikinsu tun daga farkon 2017. Tsare Falgore kaɗai ba zai wadatar ba idan gonakin da ke arewa da shi suka zama fili fetal, domin ta kan itatuwan gona ne jemage da tsuntsu da zuma suke tsallakawa daga kurmi zuwa kurmi.

A nan ne ɗaliban Hausa suke da aikin yi. Ɗalibin da ya zauna da dattawan Unguwar Gai ko Rurum ya rubuta sunayen fadamu da unguwanni da gonakin da aka raɗa da sunan itace, sa'an nan ya je ya duba ko itacen yana nan ko babu, ya samar da taswirar da masanin tsirrai ba zai samu daga hoton tauraron ɗan Adam ba. Ya kamata ya haɗa da matan da ke dafa daddawa, domin su ne suka san wace ɗorawa ce ta rage haihuwa, kuma tun yaushe.