Jinyar tsofaffi da naƙasassu a gida: sana'ar da ke jiran masu jari a Maiduguri

MAIDUGURI — A ƙasar Barno, kamar sauran sassan Arewa, tsoho a ɗakinsa yake tsufa. 'Ya'ya da jikoki da surukai su ne ke yi masa wanka, su ba shi abinci da magani. Wannan hidima ba ta shiga lissafin tattalin arziki, domin ba a biyan kowa lada a kanta. Sai dai a Maiduguri hannuwan da ke yin ta sun ragu, masu bukatarta kuwa sun ƙaru.

Rikicin Boko Haram, wanda ya ɓarke a 2009, ya warwatsa iyalai, ya bar tsofaffi da dama ba mai tallafa musu, ya kuma ƙara yawan waɗanda suka rasa hannu ko ƙafa. A 2021 gwamnatin jihar ta shiga rufe sansanonin 'yan gudun hijira na cikin birni, har da na Bakassi, sai nauyin marasa ƙarfi ya koma kan dangi. Ga tsadar rayuwa bayan janye tallafin man fetur a 2023, ga ambaliyar Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle. Matar da ta zauna jinyar surukinta a yau, cinikin yini guda ta bari a kasuwa.

An riga an gwada zuba jari a wannan fanni. A 2017 ƙungiyar agaji ta duniya, Red Cross, ta tara kuɗin Suwizalan faran miliyan 18.6 daga masu jari masu zaman kansu, don gina cibiyoyin gyaran gaɓoɓi uku: a Maiduguri, da Mopti ta ƙasar Mali, da Kinshasa ta Kwango. Sharaɗin shi ne wasu gwamnatocin Turai su biya masu jarin bayan shekara biyar, gwargwadon ingancin aikin cibiyoyin. An buɗe ta Maiduguri a 2020 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, inda ake ƙera ƙafafun roba, ana kuma gasa jiki.

Amma aikin asibiti a bakin ƙofa yake tsayawa. Wanda aka sallama da shanyewar ɓarin jiki yana bukatar mai juya shi a kan gado don kada ƙuraje su kama bayansa, da mai motsa masa gaɓoɓi kullum. Ƙafar roba tana son gyara, keken guragu yana son taya da walda. Nan ne ƙaramin ɗan kasuwa zai sami wurin shiga: horar da masu jinya a tura su gidaje, bayar da hayar gadon marasa lafiya da kekuna, da jigilar majinyata zuwa asibiti.

Doka ma ta buɗe wata ƙofa. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su samar da hanyar shiga ga masu keke, ta kuma ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Wa'adin ya cika a 2024, kuma aikin magina da maƙera ne.

Cikas biyu ne a gaba. Na farko kuɗi: mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 ne tun 2024, ba kowane magidanci zai ɗauki mai jinya na wata ba, sai dai na awa ko na yini. Na biyu amana. Ba za a bar baƙo ya shiga turakar dattijuwa ba sai mace ce, mai jin Kanuri ko Hausa, wadda mai unguwa ya san gidansu. Duk mai son cin wannan kasuwa, da horo da shaidar hali zai fara, kafin ya kafa allon talla.