Gajiyar ciwon ƙoda: abin da zaman tattaunawa zai iya yi muku

Cikin masu zuwa ofishin kariya da koke akwai waɗanda likita ya riga ya shaida musu cewa ƙodarsu ta samu matsala. Kukansu kusan ɗaya ne: gajiya. Mutum ya kwana ya tashi kamar wanda ya yini a gona, ya ɗauki jarka zai je famfo, kafin ya kai rabin hanya ƙafafu sun mutu. Idan aka ce wa irin waɗannan 'yan'uwa su je su zauna da mai ba da shawara, sau da yawa ransu yakan ɓaci. Wani ya ce jikinsa ne ke ciwo, me ya kawo zancen kai? Wata ta ɗauka likitoci sun sallame ta ke nan, shi ya sa aka bar ta da surutu. Mu da muke tsaye tsakani muna fassara mun ji wannan ya isa mu zauna mu yi bayaninsa a rubuce.

Gajiyar gaskiya ce, kuma daga jiki take farawa. Aikin ƙoda shi ne tace jini, ta fitar da datti da ruwan da ya yi yawa ta hanyar fitsari. Tana da wani aikin da mutane ba su cika sani ba: ita ke fitar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda ke kai iska ko'ina a jiki. Idan ƙoda ta raunana sai sinadarin ya ragu, jini ya yi ƙaranci, datti kuma ya taru. Ga ƙaiƙayi da ciwon ƙafa da yawan tashi fitsari da dare, duk suna hana barci. Likitoci suna kiran ciwon mai daɗewa idan ya wuce wata 3, kuma sun kasa shi mataki 5. A na ƙarshe ne ake zancen wankin ƙoda, wanda bisa ƙa'ida akan yi sau 3 a mako, kowane zama wajen awa 4, a manyan asibitocin birni. Hawan jini da ciwon sukari su ne manyan masu jawo shi. Waɗanda suka fito daga Yobe, musamman wajen Gashuwa, ba baƙonsu ba ne, don an daɗe ana kuka da yawansa a can.

Saboda haka asibiti ne farko. A auna jini, a duba hawan jini, a sha abin da aka rubuta. Zaman tattaunawa ba ya ƙara jini, ba ya gyara ƙoda, kuma duk wanda ya ce muku ku ajiye magani tunda kun fara zuwa wajen mai shawara, ya cuce ku.

To mene ne amfaninsa? Hanyar da aka fi amfani da ita ta samo asali ne daga aikin wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Aaron Beck, a shekarun 1960. Abin da ta tsaya a kai shi ne, tunanin mutum da abin da yake aikatawa da yadda jikinsa ke ji duk a ɗaure suke, idan aka sassauta ɗaya sauran ma sukan sassauta. An gwada ta a kan masu ciwon ƙoda. A shekarar 2023 aka fitar da sakamakon wani bincike a Amurka da aka yi da mutum 160 masu wankin ƙoda. An raba su biyu, kashi ɗaya suka riƙa zama da mai shawara mako-mako har mako 12, aka kuma samu gajiyarsu da ciwon jikinsu sun ragu fiye da na ɗaya kashin. Ba warkewa suka yi ba, sauƙi suka samu. Amma ga wanda ya kasa wanke tufafinsa, ɗan sauƙi ba ƙaramin abu ba ne.

Abu na farko da mai shawara zai so ya gani shi ne yadda makonku yake tafiya. Zai ce ku riƙa lura: yaushe ƙarfi ke zuwa, yaushe yake tafiya, me kuka yi kafin nan. Wanda ba ya rubutu sai ya sa ɗansa ɗan makaranta ya rubuta masa, ko ya riƙa jan layi da gawayi a bango, layi ɗaya idan gajiyar kaɗan ce, uku idan ta kwantar da shi. Abin da yakan fito kusan kullum iri ɗaya ne. Ranar da mace ta tashi da ɗan ƙarfi, sai ta ce bari ta rama duk abin da ya wuce ta: ta yi wanki, ta ɗebo ruwa jarka huɗu, ta share tsakar gida, ta je neman itace. Washegari ba ta iya ɗaga kai, jibi ma haka. Kwanciyar kwana biyu ta ƙara sassake mata jiki, aikin ya sake taruwa, ranar da ta ɗan farfaɗo ta sake afka masa. Haka za a yi ta juyawa, kuma kowane zagaye ƙarfin yana ƙara ja baya.

Maganin wannan shi ne a raba aiki daidai a kan kwanaki, ranar ƙarfi da ranar rauni duk a yi kusan abu ɗaya. A faɗa yana da sauƙi, a aikata kuwa da wuya, domin wahalar tana ranar da kuka ji daɗi: a nan ne ake so ku tsaya alhali kuna jin za ku iya ƙarawa. A huta kafin a gaji, kada a jira sai jiki ya faɗi. Wanki a yi shi a zaune, kashi biyu, da sassafe da kuma bayan la'asar idan rana ta yi sanyi. Idan an yi mako guda a haka ba a kwanta ba, sai a ƙara ɗan abu kaɗan, misali tafiyar minti 5 ta koma 7. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai zancen tunani, inda mutane suka fi yi mana gardama. Mai ciwon da ya daɗe yakan riƙa gaya wa kansa wasu maganganu har su zame masa kamar gaskiya: na zama kaya a wuyan iyalina, duk motsin da na yi ƙodar nake ƙarasawa, tunda na gaji yau to ciwon ya kai ƙarshe. Ga wanda ya bar gonarsa da shagonsa ya tsallako da kayan jikinsa kawai, irin wannan tunani ba ya wuyar samun wurin zama. Mai shawara ba zai ce muku ƙarya kuke yi ba. Zai tambaye ku ne: wa ya gaya muku tafiya na lalata ƙoda, likita ne ko tsoro? Cikin makon nan me kuka yi wa gidan, ko da zama da yara ne uwarsu ta je layin rabo? Da maƙwabcinku ne ke cikin wannan hali, haka za ku ce masa? Tsoron motsi shi ya fi ɓarna, don yana sa mutum ya kwanta, kwanciya kuma ta cinye naman jiki, sai gajiyar ta ninku.

Barci ma ana duba shi. Lokacin tashi ya zama ɗaya kullum, barcin rana ya zama gajere, kada ya kai yamma, shayi mai ƙarfi da goro a bar su tun la'asar.

Ba lallai sai babban likita ne zai yi wannan aiki ba. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani tsari mai suna PM+ domin mutanen da bala'i ya shafa: zama 5, sau ɗaya a mako, kowanne kamar awa ɗaya da rabi, wanda ma'aikaci da aka horar zai iya jagoranta. Ba don ciwon ƙoda aka tsara shi ba, amma abin da ke ciki, wato numfashi a hankali don kwantar da jiki, da warware matsala ɗaya bayan ɗaya, da komawa ga ayyuka kaɗan-kaɗan, da neman taimakon jama'a, duk suna yi wa mai gajiya amfani.

Muna da magana da iyalai, musamman maza da surukai. Mai ciwon ƙoda sau da yawa ba a ganin ciwon a fuskarsa, shi ya sa ake saurin kiransa malalaci. Mun ga inda wannan kalma ta kai aure bakin rabuwa. Akwai kuma masu wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, su hana mara lafiya ko ɗaga buta, su mayar da shi kamar gawa. Duka biyun ba su taimaka. Idan mai ciwon ya yarda, ku raka shi zama ɗaya ku ji tsarin da kunnenku, ku ɗauke masa aikin da ya fi nauyi kamar ɗibar ruwa da tsayuwar layi, ku bar masa wanda zai iya. Idan gajiya ce ke hana shi zuwa rabon abinci ko tantancewa, ku zo ofishin kariya ku faɗa tun kafin ranar, kada ku bari sai an wuce sunansa.

Kada kuma ciwon jiki ya kai ku ga sayen ibuprofen ko diclofenac a kasuwa, ko haɗe-haɗen sassaƙe da ba ku san abin da ke ciki ba. Waɗannan ƙwayoyi suna ƙara wa ƙoda rauni. Gishiri da dunƙulen miya a rage su.

Abin da kuka faɗa a wurin zaman sirri ne, kuma mu masu fassara an ɗaure mu da wannan ƙa'ida kamar yadda aka ɗaure mai shawarar. Mace tana da damar ta ce mace take so ta zauna da ita. Ku fara da asibitin sansani, ku tafi da katinku da duk magungunan da kuke sha, ku ce kuna son ganin masu ba da shawara. Amma idan gajiyar ta zo da haki ko kuna zaune, ko kumburin fuska da ƙafa ya ƙaru, ko fitsari ya ragu sosai, ko amai ya ƙi tsayawa, ko mutum ya fara ruɗewa, wannan ba na jiran ranar zama ba ne, a kai shi asibiti a lokacin, ko da dare ne. Haka nan wanda ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a bar shi shi kaɗai, a sanar da ma'aikacin lafiya ko ofishinmu a ranar.