Ambaliya: Ko Ba A Yi Ruwa A Gari Ba, Gulbi Na Iya Kawowa

Da rani, gulbin Gagare da ya ratsa ƙasar Ƙaura Namoda yashi ne zalla, har yara kan yi wasa a cikinsa. Haka ma gulbin Bunsuru na ƙasar Zurmi. Amma da damina ta yi nisa, cikin Agusta da Satumba, sukan cika cikin dare ɗaya.

Dalili shi ne ruwan da suke ɗaukowa ba na gari ɗaya ba ne. Bunsuru daga Jihar Katsina ya taso, Gagare kuwa daga kudu. Sukan gangara arewa wajen Shinkafi da Isa, su haɗu su zama gulbin Rima. Saboda haka manomin fadama a Shinkafi na iya kwanciya ba ko yayyafi, ya wayi gari shinkafarsa ta nutse. Sare itatuwa da gini a kan hanyar ruwa suna ƙara ɓarnar.

Ambaliya ba ƙaramar masifa ba ce. A 2012 ta kashe mutum 363 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600.

Gwamnatin Tarayya ta raba aikin tsakanin hukumomi. NiMet ke hasashen damina. NIHSA ke lura da koguna, kuma kowace shekara takan fitar da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. NEMA, wadda aka kafa a 1999, ita ke kai agaji tare da hukumar agajin gaggawa ta jiha.

Sai dai gargaɗin da bai iso ƙauye ba, ba shi da amfani. Ya kamata masu unguwanni da dagatai su riƙa sauraren rediyo suna sa a yi shela. A yashe magudanan ruwa tun kafin shuka. A gina rumbu a kan tudu. Kada a tsallaka gulbi in ya kawo, kada a cika wa kwalekwale kaya. Bayan ruwa ya janye, a tafasa ruwan sha, domin rijiyar da ambaliya ta shiga kan jawo amai da gudawa.

Agaji kan zo bayan ɓarna, amma ba ya maido da rai. Rigakafi ya fi magani.